Bakin antarenar da duwatsun ƴan kallo

Kowace shekara idan an rufe makarantu, damina ta kankama, sai filayen ƙwallon ƙafa na ƙasar Arewa su farfaɗo. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari da Ɗan Kasari, haka kuma a gundumar Tibiri, a Dumega da Gesheme da Kore Mai Ruwa, unguwa tana karawa da unguwa, gari yana karawa da gari. Wannan abu ne mai kyau, domin yana haɗa samari. Amma idan wasa ya ɓaci, akwai mutum guda da ba a cika kira ya yi bayani ba, shi ne mai horar da ƴan wasa, wanda muke ce wa antarenar. Ɗan wasan da ya yi ƙeta ana ba shi jan kati. Ɗan kallon da ya yi jifa jandarma yana kama shi. Wanda ya faɗi maganar da ta sa aka ɗauki dutsen kuwa, sai ya tafi gida ya ci tuwonsa.

Mu masu aikin fassara mun san cewa kalma ba ta da nauyi ɗaya a kowane harshe. Bafaranshe yana iya cewa alƙalin wasa ya sace masa nasara, a ɗauka ɓacin rai ne kawai. A nan ƙasarmu kowa ya san abin da yake biyowa baya idan an yi ihun “ɓarawo” ranar kasuwa: ba a tsayawa bincike, hannu ne yake fara magana. To, antarenar da ya tsaya gaban samari ɗari uku, jikinsu da zafi, ya ce alƙali ɓarawo ne, an saye shi, irin wannan ihun ya yi. Kuma bakinsa ba ɗaya ba ne da bakin ɗan kallo. Shi ne ya san dokokin wasa, shi yara suke ce wa malam, abin da ya faɗa shi ne gaskiya a wurinsu.

Ko a ƙasashen Turai ma an ga abin da irin wannan magana take haifarwa. Ran 23 ga watan Fabrairu na shekarar 2005, ƙungiyar Barcelona ta ci Chelsea ta Ingila biyu da ɗaya, bayan alƙali Anders Frisk, mutumin ƙasar Suwidin, ya kori Didier Drogba daga fili. José Mourinho, wanda yake horar da Chelsea a lokacin, ya yi zargin cewa takwaransa Frank Rijkaard ya shiga ɗakin alƙali a lokacin hutun rabin wasa. Bai ce a taɓa kowa ba. Amma magoya baya suka yi ta aika wa Frisk da iyalinsa barazanar kisa, har a watan Maris ya ajiye usur, yana da shekara 42, alhali yana cikin gwanayen alƙalai na duniya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai ta dakatar da Mourinho wasa biyu. A shekarar 2023 abin ya sake faruwa: bayan Sevilla ta doke Roma a wasan ƙarshe a birnin Budapest, Mourinho ya tare alƙali Anthony Taylor a wurin ajiye motoci ya zazzage shi, hoton ya zagaye duniya, washegari magoya bayan Roma suka yi wa Taylor da iyalinsa ca a filin jirgin sama. Wannan karon wasa huɗu aka dakatar da shi.

Kada a ce wannan labarin Turawa ne. Mu dubi maƙwabtanmu na Nijeriya. A watan Yuni na 2019, a filin Agege na birnin Legas, bayan Kano Pillars ta tashi ɗaya da ɗaya da Rangers, kyaftin Rabi'u Ali ya tasam ma alƙali, ƴan kallo suka bi bayansa suka cika fili. An dakatar da shi wasa 12, ƙungiyar ta biya tarar naira miliyan 8. A shekarar 2022 kuma shugaban ƙungiyar da kansa ya kai hannu ga mataimakin alƙali a wasansu da Dakkada, aka rage musu maki, kuma a ƙarshen wannan shekarar wasa ƙungiyar da ta ci kofin Nijeriya sau huɗu ta faɗa rukuni na ƙasa. Idan babba ya nuna hanya, yaro ba ya tambayar inda ta nufa.

Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani gare mu shi ne wannan. Alƙalin Turai yana da ƴan sanda, yana da katanga, yana da jirgin da zai mayar da shi ƙasarsu. Namu alƙalin sau da yawa malamin makaranta ne ko tela daga garin da yake kusa. Tsakaninsa da jama'a sai igiya, ko layin toka. Idan an tashi, da almuru, babur zai hau ya bi hanyar da masu fushin za su bi, kuma mako mai zuwa a kasuwa ɗaya za su haɗu. Ga kuma wayar hannu: maganar da a da take mutuwa a bakin fili, yau ana ɗaukar ta a WhatsApp, kafin sallar isha ta isa Yamai da Kwatano, inda ƴan ci-rani za su ƙara mata gishiri su maido. Wanda yake ganin taƙaddama a kan hukuncin alƙali ƙaramin abu ce, ya tuna da birnin Nzerekore na ƙasar Gini, inda ran 1 ga watan Disamba na 2024 gwamnati ta ƙidaya mutum 56 da suka rasu bayan irin wannan taƙaddama.

Wani zai ce: ashe alƙalai ba sa kuskure? Suna yi. Ashe babu mai karɓar na goro a cikinsu? Ba zan rantse ba. Amma zargin cin hanci tuhuma ce, tuhuma kuwa tana da ƙofa. Akwai takardar wasa, inda ake rubuta ƙara. Akwai kwamitin gasa. Wanda yake da shaida ya kai ta can. Wanda ba shi da ita ya kama bakinsa. Sai dai a nan kwamitoci ma suna da nasu laifi, domin idan ƙara ta kwana goma ba a duba ta ba, ko kuwa shugaban kwamiti ƙanen shugaban ƙungiyar da aka kai ƙara ne, to an tura antarenar gidan rediyo.

Ba kuma cewa nake a hana cika baki ba. Mu mutanen kokowa ne. Jahar Doso ce ta ba ƙasa Issaka Issaka, wanda ya ɗauki takobi sau da dama. Ɗan kokowa yana kirari, yana kiran kansa bijimi, makaɗi yana zuga shi, jama'a suna jin daɗi, domin kansa yake wasawa, abokin karawarsa yake ƙalubalanta. Haka Ba'are da Bafulatani suke gaya wa juna maganar da in bare ya faɗa sai an yi shari'a, su kuwa dariya suke yi, saboda kowa ya san iyakar wasan taubasai. Antarenar ya ce gobe za mu zuba muku biyar, wannan armashin wasa ne. Ya ce mutanen gari kaza ƴan maguɗi ne tun kakanninsu, ko ya ce idan suka zo garinmu za su gani, wannan ya fita daga wasa, kuma shi kansa ya san ya fita.

Tun shekarar 2019 dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka ba alƙali ikon nuna wa mai horarwa katin gargaɗi ko jan kati. Amma ikon kati yana ƙarewa idan alƙali ya bar fili, alhali maganar da ta fi ɓarna bayan nan ake yin ta. Saboda haka nake roƙon perfe-perfe, da masu kula da matasa da wasanni a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, da duk mai sa kofi da sunansa, su rubuta wannan a cikin dokar gasa tun kafin a buga wasan farko, da Faransanci da Hausa, a karanta a gaban kowa, kowane antarenar da shugaban ƙungiya ya sa hannu. Ƙara a duba ta cikin kwana biyu, a bayyana hukunci. Wanda ya zargi alƙali a bainar jama'a ba tare da ya kai ƙara ba, a dakatar da shi, kuma muryarsa da aka ɗauka a waya ta isa shaida. Idan maganarsa ta jawo jifa, ƙungiyarsa ta rasa maki. Wanda aka dakatar kuma kada a bar shi ya tsaya bayan igiya yana ba da umarni, ya zauna gida har kwanakinsa su cika.