BAƘON DA YA HAIFI JIKOKI, HAR YAUSHE ZAI ZAMA BAƘO?



A watan da ya wuce wani yaronmu ya je neman takardar shaidar asali domin shiga makaranta, aka ce masa ya koma garinsu. Yaron nan a Yangoji aka yanke masa cibiya, a nan aka binne kakansa. To wane gari zai koma? Da muka bi sawu sai aka ce mu kawo hujjar daɗewarmu. A nan ne jikinmu ya yi sanyi, domin ba mu da ko shafi ɗaya a rubuce.

Jama'a, mu ciro naira ashirin daga aljihu mu duba. A gaba Janar Murtala Muhammad ne, wanda gwamnatinsa ta kafa Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 a ranar 3 ga Fabrairun 1976, domin ya zama gidan kowane ɗan Najeriya. A baya kuwa Ladi Kwali ce, maginar tukwane daga nan Kwali, hedkwatar ƙaramar hukumarmu, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja a 1954, ta rasu a 1984. Kullum tarihin yankinmu yana yawo a hannun masu kayan miya, amma yara nawa ne a gidajenmu suka san haka?

Shi kansa sunan Abuja daga ina ya fito? Bayan jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya sauka a Zuba. Ɗan uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka zo gina sabon birni sai aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja. Ke nan Bahaushe da Gbagyi sun yi kusan shekara ɗari biyu suna cuɗanya a wannan yanki, da daɗi da ba daɗi, tun kafin a aza tubalin farko a Garki.

Kada wani ya juya mana magana. Ba mu ce ƙasar kakanninmu ce ba. Gbagyi da Bassa da Ganagana da Gade da sauransu mun tarar da su, su suka ba iyayenmu masauki da gona. Su ma kuka suke yi, domin sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya miƙa duk filayen birnin ga Gwamnatin Tarayya. Amma wannan kundin dai, a sashe na 41 ya ba kowa 'yancin zama inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa. In za a karanta mana doka, a karanta ta duka.

Laifin ma har da namu. Manya suna wucewa ta titin Lakwaja da gudu, ba sa ganin komai a Yangoji sai masu tallar doya. Mu kuma muna barin tsofaffinmu suna rasuwa da labari a bakinsu. Wa ya fara kafa bukka a unguwarmu? Wane mai gari ne ya ba da filin masallaci, a gaban waɗanne shaidu? Mu da muka koyi biro da furfura a ajin yaƙi da jahilci mun san zafin dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ta ƙunsa ba.

Don haka ƙungiya tana roƙon kowane magidanci ya zaunar da dattijon gidansa, a rubuta shekarar zuwansu da wanda ya sauke su, ko da boko ko da ajami. A haɗo da tsofaffin rasiɗan haraji da takardun haihuwa da na cinikin fili, a kawo wa sakatare bayan sallar Juma'a. Za mu kai wa dattawan Gbagyi su ji, su gyara mana inda muka yi kuskure, su sa hannu.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.

Sakataren Ƙungiya