Ƙarfin Damtse Kaɗai Ba Ya Tuƙa Jirgi

Mu da muka tashi a Wonaka, da damina muke sanin ruwa. Rafin da muke wasan ƙasa a cikinsa da rani, shi ne yake cika ya batse a watan Agusta har ya raba manomi da gonarsa. A nan muka koyi iyo ba tare da malami ba, babba ya tura ƙarami, wanda ya sha ruwa ya fito a yi masa dariya. Da wannan ɗan sanin na girma ina ɗaukar kaina gwanin ruwa, har zuwa lokacin da karatun digiri na uku ya kai ni ƙasar Malesiya, inda wani sansanin horo na mako guda ya nuna mini iyakata.

Wani abokin karatuna ne ya ja ni cikin ƙungiyar ɗalibai masu tseren kwale-kwalen Sinawa, wanda ake sassaƙa wa kan wata dabbar almara mai kama da dodo a goshinsa. Jirgi ne siriri, tsawonsa ya kai mita 12, yana ɗaukar mutum 22: matuƙa 20 zaune bibbiyu, makaɗi a gaba yana fuskantarsu, sai mai riƙe da akalar jirgin yana tsaye a baya. Sinawa suna danganta wasan da mawaƙinsu Qu Yuan, wanda ya rasu a kogin Miluo shekara 278 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma suna bikinsa a rana ta 5 ga wata na 5 na kalandarsu. Gasar da aka fara a Hong Kong a 1976 ita ta fitar da shi duniya, aka kafa masa hukumar ƙasa da ƙasa a 1991. Yau ana fafatawa a nisan mita 200 da 500 har zuwa 2,000.

Ranar farko a tafkin Putrajaya na shiga jirgi da alfaharin wanda ya yi noma da fartanya tun yana yaro. Na riƙa dukan ruwa da iyakar ƙarfina. Kafin minti 10 kafaɗuna sun mutu, na jiƙe wanda ke bayana sharkaf, filafilina kuma yana ta karo da na gabana. Wata ɗaliba da ba ta kai rabin nauyina ba tana tuƙi a natse, ko haki ba ta yi. Da muka fito, mai horar da mu ya ce da ni abin da har yau ban manta ba: ruwa ba abokin dambe ba ne, wanda ya dake shi ya gaji a banza.

Abin da aka koya mana a kwanakin da suka biyo baya ya saɓa wa duk abin da na zata. Matuƙi ba ya jan ruwa zuwa baya. Yana kafa filafili ne a cikin ruwa kamar yadda ake kafa sanda a ƙasa, sannan ya jawo jirgin ya wuce wurin. Don haka sai ya murɗa ƙugunsa ya miƙa gaba, ya nutsar da fuskar filafilin gaba ɗaya kafin ya fara ja, ya dafe ƙafa a kan katakon jirgi, ya bar tsokar baya da ta ciki su yi aikin. Hannu maɗauri ne kawai tsakanin jiki da itace. Da filafili ya iso daidai kwankwaso sai a zare shi, domin duk abin da ya wuce nan ɗaga ruwa ne sama, yana danne jirgi maimakon tura shi. An ɗauke mu a bidiyo, aka riƙa tsayar da hoton ana nuna wa kowa inda gwiwar hannunsa ta lanƙwashe da wuri. Ban taɓa jin kunyar ganin kaina kamar ranar ba, ni da nake koyar da wasu a aji.

Darasi na biyu ya fi na farko wuya, wato daidaita bugu. Mutum 20 masu matsakaicin ƙarfi da filafilansu ke shiga ruwa lokaci guda za su wuce ƙarti 20 da kowa ke bin son ransa. Biyun da ke kujerar farko su ke yanke saurin tafiya, makaɗi yana isar da shi ga na baya da ganga, kowa kuma idonsa na gaba, ba a kan nasa filafilin ba. Wanda ya riga saura da ƙiftawar ido ya ɗauki nauyin jirgin shi kaɗai, wanda ya makara ya zama kaya. Ta ɓangaren jiki kuwa, bayan sallar asuba mukan yi gudu, mu yi atisayen ƙarfafa ciki da baya, da yamma a koma ruwa a yi tuƙi mai tsawo a hankali, a gauraya shi da gajerun tsere masu tsanani.

Amma abin da ya sa na ɗauko wannan labari yau shi ne abin da aka yi mana tun kafin a ba mu filafili. Sai da kowa ya yi iyo sanye da rigar kariya aka gani. Aka ba kowa lamba, aka ce abokin kujerarka amanarka ne. Sannan aka kifar da jirgin da gangan a kusa da gaɓa, muka koyi riƙe jikinsa maimakon barinsa, muka ƙirga kanmu da babbar murya, kowa ya nemi abokinsa. An maimaita har tsoro ya fita daga ciki.

Mai karatu zai tuna ranar Asabar 14 ga Satumba, 2024, da kwale-kwale ya kife da manoma a Gummi suna hanyar zuwa gonakinsu, rahotanni suka ce fiye da mutum 40 sun rasu. Allah Ya jiƙansu. Da na ji labarin, wancan atisayen ne ya faɗo mini a rai. Mutum nawa ne cikin masu hawa jirgin fito a Zamfara aka taɓa nuna wa abin da za su yi a minti na farko bayan jirgi ya kife?

Ba gadon ruwa muka rasa ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, yana da tseren kwale-kwale da gasar iyo a Matan Fada. Yauri tana da bikin Rigata a kan kogin Kwara. Sarkawa sun san halin gulbi fiye da kowane littafi. Matsalar ita ce wannan sani yana tafiya ne daga uba zuwa ɗa, alhali yau talauci da gudun hijira sun sa wanda bai gada ba ya ɗauki filafili don neman na abinci. Ko wanda ya gada ma, Hausawa sun ce ruwa na cin gwani.

Na san za a ce jihar da ke fama da 'yan bindiga ba ta da lokacin wasan ruwa, kuma na fi kowa sanin abin da mutanen yankinmu suke gani. Na kuma yarda cewa horo ba zai gyara ruɓaɓɓen katako ba, ba zai hana mai haɗama loda mutum 60 a jirgin mutum 30 ba. Wannan aikin hukuma ne da sarakunan ruwa. Sai dai matuƙin da aka horar ya san ma'aunin jirginsa, fasinjan da aka horar kuma ba ya miƙewa tsaye a tsakiyar gulbi don firgita.

Shawarata ƙarama ce. Da rani, lokacin da ruwa ya kwanta, a shirya sansanin mako guda a madatsar ruwa ta Gusau, ko a Bakalori idan tsaro ya ba da hali. A gayyato matasan da ke fito a mashigai daga Gusau da Bungudu da Tsafe har Gummi. Dattawan Sarkawa su koyar da karatun ruwa, malaman motsa jiki na manyan makarantunmu su koyar da dabarar tuƙi da ceto, a sallami kowa da rigar kariya, a rufe da tsere mai kyauta domin matasa su yi marmarin dawowa baɗi. Kuɗin ba zai kai na tallafin da ake rabawa bayan an binne mutane ba. Ayomide Bello, wadda ta wakilci Nijeriya a tseren kwale-kwale a gasar Olamfik ta Tokyo, horo ne ya kai ta can, kuma ba na shakkar akwai irinta a bakin gulaben Arewa.

Damina za ta dawo, rafukanmu za su sake cika, manomi kuma dole ya haye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya tsare mu, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.