Masu Gida Ba Sa Jifa A Gidansu

Duk ranar da Kano Pillars ke wasa a gida, muhawara ba ta ƙarewa a ajinmu. Amma yawancinmu a rediyo kawai muka san Filin Wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Waɗanda suka taɓa shiga cikinmu, sai da suka yi kwanaki suna tsinkar tumatir ko korar tsuntsaye a gonar shinkafa kafin su haɗa kuɗin mota daga Kura da na tikiti.

Filin ba ƙarami ba ne a tarihi. An buga Gasar Matasa ta Duniya a cikinsa a 1999, da Kofin Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Pillars ta ɗauki kofin lig sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. A nan Ahmed Musa ya yi suna kafin ya tafi Turai. Yayyenmu suna cewa idan aka ɗauki "Sai Masu Gida!" har ƙafafun baƙi rawa suke yi.

To, ga abin da ke damun mu. A watan Afrilu na 2022, a wasa da Katsina United, wasu magoya baya suka kutsa cikin fili, aka farfasa motar baƙi. Aka ci tarar Pillars, aka cire mata maki uku, aka mayar da wasanninta Abuja. A ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo.

Wa aka hukunta? Mai kuɗi zai hau mota ya bi su Abuja. Mu fa, da ko Kano sai mun yi tari?

Wasu a ajinmu suna cewa alƙalan wasa ne ke cutar mu. Ko da hakan ne, dutse bai taɓa soke ƙwallon da ta shiga raga ba. Kuma kada mu yi ta zargin mutanen birni: a gasar ajujuwa ta nan makaranta, mu ma mun taɓa bin malamin da ya busa usur da ihu har ofis.

Muna roƙon malamin wasanni ya shirya mana tafiya Ƙofar Mata bayan girbin shinkafa. Za mu tara kuɗin da kanmu, mu je da ganga.