Ido Ba Ya Rabe Fakat Da Murar Tsuntsaye

Kowace shekara idan hunturu ya kama, kaji sukan yi ta mutuwa a ƙauyuka da birane. Masu su sai su ce ai fakat ce, su yanka waɗanda suka rage, ko su garzaya da su kasuwa. Sau da yawa gaskiyarsu ne. Amma murar tsuntsaye, wadda takan kama har mutum, da irin waɗannan alamu take zuwa: kasala, zawo, wahalar numfashi da mutuwar farat ɗaya. Ko likitan dabbobi ba ya iya rantsewa da ido kaɗai.

An ga haka a farkon 2006, lokacin da kaji suka yi ta faɗuwa a wata gona a Jaji, cikin Jihar Kaduna. Sai a watan Fabrairu, bayan an auna samfur a ɗakin bincike na Padova a ƙasar Italiya, aka tabbatar murar tsuntsaye ce, irin H5N1. Kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, a 2007 kuma ta kashe wata mata a Legas.

Aikin ɗakin bincike ba tsafi ba ne. Akan lakato majina daga maƙogwaron kaza, a zuba cikin ƙwai mai ɗan tsako na kwana 9 zuwa 11, ƙwayar cutar ta hayayyafa. Ƙwayoyin cututtukan biyu duk suna dunƙule jinin kaza, don haka sai an ƙara gwaji da ruwan jini mai garkuwa kafin a rabe su. Gwajin PCR kuwa yakan gano ƙwayar cikin 'yan sa'o'i.

Nijeriya tana da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tun 1924. Sai dai gwaji ba ya yiwuwa sai samfur ya iso da wuri, cikin ƙanƙara. Wajibi ne gwamnatocin jihohi su ba ma'aikatan dabbobi abin hawa da akwatunan sanyi. Wajibi ne kuma a riƙa biyan diyya ba tare da jan ƙafa ba, domin manomin da ya san za a hallaka kajinsa a bar shi hannu rabbana ba zai kai rahoto ba, kasuwa zai nufa. Daga nan kuwa cutar ta shiga gidan kowa.