LAFIYA UWAR JIKI: Abin Da Mutumin Mubi Zai Tarar In An Tura Shi Gashin Ciwon Daji

A cikin kalmomin da likita kan faɗa wa iyalin mai ciwon daji, babu wadda takan tayar da hankali kamar kalmar gashi. Da zarar an ce za a tura mara lafiya wurin gashi, sai zukatan dangi su tafi ga garwashi da tukubar mai tsire, har dattijon gida ya kafe a kan shi ba za a kai masa 'ya a babbake ta da ranta ba. Ta haka ne takardar asibiti takan yi wata da watanni cikin aljihu a Mubi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ana ta shawara, ciwo kuwa yana ta cin jiki. Saboda haka ya kamata jama'a su san ainihin yadda aikin yake, gama rashin sani ya fi dare duhu.

Shi dai wannan gashi babu wuta a cikinsa. Haske ne wanda ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen shi ya gano irin wannan haske cikin 1895, kuma ba a daɗe ba likitoci suka soma gwada shi a kan ƙari. Aikinsa shi ne ya lalata ƙwayoyin ciwon ta yadda ba za su iya hayayyafa ba. Yakan taɓa ƙwayoyin jiki masu lafiya su ma, amma su sun fi na ciwon iya gyara kansu in an ba su hutu. Dalili ke nan da ya sa akan raba shi kaɗan-kaɗan, sau ɗaya a rana, daga Litinin zuwa Juma'a, har makonni da yawa.

Masu bukatarsa kuwa ba kaɗan ba ne. Bisa ga ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin 2022 kaɗai fiye da mutum 127,000 suka kamu da ciwon a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu saboda shi. Masana sun daidaita a kan cewa kimanin rabin masu ciwon daji za su bukaci gashi a wani mataki na jinyarsu.

To, ga mutumin Mubi, wahala takan fara tun kafin ya ga na'urar, domin babu ita a garin. Da farko sai an yanki ɗan nama daga inda ƙarin yake an auna, an tabbatar da irin ciwon, kuma wannan kansa yakan kai mutum asibitin koyarwa na Yola, tafiyar kimanin kilomita 200 ta Hong da Gombi da Song. Daga nan ne za a rubuta masa takarda zuwa wani babban asibiti mai sashen ciwon daji, kamar na Maiduguri, ko Gombe, ko Shika a Zariya, ko Asibitin Ƙasa na Abuja. Cikin Yuli 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙara buɗe sababbin cibiyoyi a Katsina da Enugu da Benin. Duk da haka na'urorin sun yi wa ƙasar kaɗan, layi yana da tsawo, kuma sukan lalace. Ko a watan Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta shiga asibitin koyarwa na Maiduguri har ayyuka suka tsaya na wani lokaci. Don haka mai hankali ba ya shiga mota sai ya bugi waya ya tabbatar na'ura tana aiki, an kuma tsayar masa da rana.

Wanda ya isa kada ya sa ran za a fara masa gashi a ranar. Likita zai duba takardunsa duka, saboda haka ya tafi da sakamakon naman da aka auna da kowane hoto da aka taɓa ɗauka. Za a auna jininsa. Mace kuma za a tambaye ta ko tana da juna biyu, kuma wajibi ne ta faɗi gaskiya, domin hasken yana cutar da ɗan tayi. Sa'an nan za a kwantar da shi a ɗauki hoton cikin jikinsa a daidai irin kwanciyar da zai riƙa yi kullum, a sa masa 'yan alamu a fata waɗanda ba a so a wanke su. Wanda ciwonsa yake a kai ko wuya za a yi masa wani abin rufe fuska na roba mai ƙofofi, wanda zai riƙe kansa kada ya motsa. Bayan wannan likita da masanin auna haske sukan ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako biyu, suna lissafin inda hasken zai bi da yawan da za a bayar.

Ranar gashin kanta ita ce ta fi sauƙi. Mara lafiya zai kwanta a kan gado mai tauri, ma'aikata su daidaita shi bisa alamun nan, sa'an nan su fita su bar shi shi kaɗai. Suna kallonsa ta talabijin, suna kuma jin maganarsa, in ya ɗaga hannu za su tsayar da aiki. Na'urar za ta kewaya shi tana ƙara ba tare da ta taɓa shi ba. Babu zafi, babu raɗaɗi. Hasken kansa minti kaɗan ne, shiga da fita duka ba su cika wuce minti 20 ba. Yawancin masu jinya ba a kwantar da su, daga masauki suke zuwa kowace safiya.

Yawan kwanakin ya danganta da irin ciwon. Mai ciwon nono, bayan an yi mata aiki, sau da yawa zama 15 ne cikin mako uku, ko 25 cikin mako biyar. Wanda ciwo ya kai masa ƙashi yana hana shi barci, wani lokaci zama ɗaya tak yakan sauƙaƙa masa raɗaɗin. Mai ciwon bakin mahaifa kuwa akan yi mata kimanin zama 25, tare da maganin ƙarin ruwa da ake kira kemo sau ɗaya a mako, sa'an nan a bi da gashin ciki, watau a sa abin da ke fitar da hasken kusa da ƙarin na ɗan lokaci a cire. Likitoci suna son a gama dukan wannan cikin mako takwas.

Illolin sukan soma bayyana ne daga mako na biyu ko na uku. Gajiya ita ce kan gaba. Sauran kuwa sukan tsaya a wurin da hasken ya bi. Fatar wajen takan yi duhu, ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci ta saɓule. Wanda aka haska wa ƙugu yakan yi gudawa ko zafin fitsari. Wanda aka haska wa wuya bakinsa yakan bushe, haɗiya ta yi masa wuya, sai ya koma ga kunu da fura da nono da romo da ƙwai, yana ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Gashin kai ba ya zubewa sai in kan aka haska. A wanke wurin da ruwa mai ɗumi ba tare da soso ba, a sa tufa mai laushi maras matsi, a kare shi daga rana. Kada a shafa man zafi ko turare ko wani haɗin gargajiya, kuma kada a yi ƙaho ko sakiya a wurin. Zazzaɓi, ko zubar jini, ko kasa haɗiye ruwa, waɗannan sai a gaya wa ma'aikata a ranar. Wanda jinyarsa ta faɗo cikin watan azumi ya tambayi likitansa, Shari'a kuwa ta yi wa mara lafiya rangwame.

A nan ne babban haɗarin yake. Wajen mako na uku ƙarin yakan fara motsewa, jini ya tsaya, a daidai lokacin da guzuri ya ƙare, fata ta fara ciwo, hankali kuma ya koma ga yara da gona. Sai mai jinya ya ce bari a je gida a huta mako biyu a dawo. Kowane manomi ya san abin da kan sami gonar da aka yi wa noman fari aka ƙi yi mata maimai. Ƙwayoyin ciwon da suka rage sukan ƙara saurin hayayyafa, kuma bincike ya nuna cewa a ciwon bakin mahaifa da na kai da wuya, kowace rana da aka ƙara bisa wa'adin tana rage damar warkewa. In larura ta sa aka tsallake rana, a sanar da likita domin ya san yadda zai rama ta.

Saboda haka shirin gaskiya a Mubi ake yinsa, tun kafin a tashi. Dangi su zauna su lissafa kuɗin mota da masauki da abinci na wata biyu, ban da kuɗin asibiti. A tsayar da wanda zai zauna da mara lafiya da wanda zai canje shi, da wanda zai riƙe yara. A nemi 'yan'uwa masu lafiya da za su ba da jini, domin ƙarancin jini yakan sa a dakatar da jinya. In akwai bijimin da za a kai tike, gara a kai shi tun farko da a jira sai an tsaya a tsakiya. Haka kuma a tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya game da asusun tallafi wanda Gwamnatin Tarayya ta fara cikin 2021 domin marasa ƙarfi masu ciwon nono da bakin mahaifa da furostet, wanda asibitocin Gombe da Shika da Abuja suna cikin shida na farko da aka fara da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan an dawo gida, akwai hakki a kan iyali da maƙwabta. Wanda aka yi wa gashi daga waje ba ya ɗauke da hasken a jikinsa, haka ma wadda aka cire mata abin gashin ciki. Tana iya goya jikanta, a ci tuwo da ita a kwano ɗaya, ciwon daji kuma ba a ɗaukarsa ta zama tare. Illolin kan ɗan ƙaru mako ɗaya ko biyu bayan zama na ƙarshe kafin su fara lafawa, saboda haka kada a ɗauka aikin bai yi ba. A riƙe ranar komawa ganin likita ko da jiki ya yi sauƙi.

Hukumomi kuma su tuna cewa daga Mubi da Maiha da Michika da Madagali akwai dubban iyalai waɗanda nisan hanya kaɗai ya isa ya hana su magani. Kafin Allah ya kawo na'urar kusa, samar da masauki mai rahusa kusa da cibiyoyin gashi, da tsayayyar lambar waya da za a riƙa tambayar halin na'ura, ba su fi ƙarfin gwamnatin jiha da masu hannu da shuni ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.