Hawan jinin da ba ya jin magani: matsalar tana iya zama a saman ƙoda

A watan Yulin 2025, ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka, Endocrine Society, ta ba da shawarar a riƙa yi wa duk mai hawan jini gwajin sinadarin aldosteron. Shawarar ta shafi majinyata da dama a Yamai, Maraɗi, Garwa da Njamena waɗanda ke shan magani iri uku amma jininsu ya ƙi sauka.

A saman kowace ƙoda akwai wata ƙaramar tsoka, wadda a Faransanci ake kira surrénale. Idan ƙari ya fito mata, takan fitar da sinadarai fiye da kima. Nau'in da ya fi yawa, wanda likita Jerome Conn ya bayyana a 1955, yana sa jiki ya riƙe gishiri ya zubar da potasiyam, abin da ke kawo kasala da ɗaurewar jijiya. Maganinsa spironolactone ne, wanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai yana iya tara potasiyam ga mai ciwon ƙoda, don haka tilas a riƙa auna jini. Idan ƙarin a gefe ɗaya yake, tiyata kan warkar da cutar ko ta rage ta sosai.

Nau'i na biyu, feyokromositoma, bai cika yawa ba amma ya fi haɗari. Alamominsa su ne ciwon kai mai zuwa farat ɗaya, zufa da bugun zuciya. A nan tsarin shan magani ne ke raba rai da ajali: ana farawa da masu buɗe hanyoyin jini irin su doxazosin ko phenoxybenzamine na mako ɗaya zuwa biyu kafin tiyata. Wanda ya fara da propranolol ko atenolol shi kaɗai, jininsa na iya haurawa nan take.

Haɗarin ke nan a yankin da masu tallar magani ke sayar da ƙwayoyi a kasuwa ba takardar likita. Babban cikas shi ne gwaji, domin awon sinadarai da hoton sikana sun taru a manyan birane. Amma awon potasiyam ya fi sauƙin samu. Matashi mai hawan jini, ko wanda magani uku suka kasa masa, ya kamata ya nemi wannan awo kafin a ƙara masa na huɗu.