Dawowar Darasin Tarihi: Yaya Za A Ba Yaranmu Labarin Mahaƙan Kwal Na Inugu?

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a 2025 cewa tarihin Nijeriya ya zama darasin dole daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, ake ta yabon matakin. Ya kuma cancanci yabo, domin an shafe shekaru sama da goma yara na kammala makaranta ba tare da wannan darasi ba. Sai dai ba a yawan tambayar me za a rubuta a cikin littattafan. Akwai rana guda da za ta iya zama ma'auni: 18 ga Nuwamba, 1949.

A ranar ce 'yan sanda suka buɗe wuta a kan mahaƙan kwal a Kwarin Iva da ke Inugu, suka kashe mutum 21, suka jikkata 51. Ma'aikatan sun ɗauki kwanaki suna jan ƙafa a bakin aiki saboda kuɗaɗen da suke ganin suna bi. Da hukumar ma'adinan ta kori wasu daga cikinsu, sai suka yi zaman dirshan a cikin ramuka. Gwamnatin mulkin mallaka ta ji tsoron kada nakiyoyin fasa dutse su faɗa hannun masu fafutukar 'yanci, ta tura a kwashe su. Mahaƙan kuwa sun fahimci cewa kwashe nakiya na nufin rufe ramin da suke ci daga gare shi. Baturen ɗan sanda F. S. Philip ne ya ba da umarnin harbi, alhali ba wanda ke riƙe da bindiga a cikin ma'aikatan.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da littattafai suka fi so: zanga-zanga a Aba da Fatakwal da Onica da Kalaba, da haɗewar 'yan siyasar da ba sa ga-maciji a cikin kwamiti guda. Daga nan sai a ja layi zuwa 1960, a rufe babi. Labarin gaskiya ne, amma ya mayar da mamatan tsani. Waɗannan mutane sun mutu ne a kan albashi da tsoron rasa aiki, kuma duk ma'aikacin da ya taɓa jiran ariyas ɗinsa wata da watanni zai gane su nan take. Kwamitin binciken Fitzgerald ya ɗauki harbin a matsayin kuskuren hukunci daga jami'in, ya kuma ɗora wa shugaban ƙungiyar ma'aikatan, Okwudili Ojiyi, kaso mai yawa na laifin. Ɗalibin da aka ɗora masa wannan hukunci a gaba, aka ce ya auna shi, ya fi wanda aka sa ya haddace kwanan wata amfana.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, mahaƙa kusan 10,000 sun gwabza da dakarun masu kamfanoni a Dutsen Blair na jihar West Virginia a 1921, har sai da aka turo sojojin tarayya. Duk da haka an yi shekaru masu yawa littattafan makarantun jihar ba su ambaci zancen ba. Hukuma ba ta son koya wa yara cewa ta taɓa harbin mai neman haƙƙinsa.

Mai karatu a Kano ko Kaduna kada ya ɗauka wannan labarin Gabas ne kawai. Kwal ɗin Inugu ne ya riƙa tuƙa jiragen ƙasan da suka yi jigilar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. Arziƙin daloli yana da hannun waɗancan mahaƙa a ciki. Yatsun da suka danna kunamar bindiga kuma na 'yan ƙasa ne da ke cin albashin Bature, wannan ma gaskiya ce mai ɗaci da ya kamata a faɗa. Arewa ma tana da nata babin: aikin tilas da aka sa dubban talakawa a ma'adinan kuza na Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda sanyi da cuta suka kashe da yawa.

Hukumar NERDC ce ke tsara manhaja, jihohi kuma ke zaɓen littattafai. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC da ƙungiyar malamai ta NUT suna da damar neman a nuna musu abin da aka rubuta game da Iva da Jos kafin littattafan su cika kasuwa.